Madubin Inna a Ƙarƙashin Mota

Shekarar fari, a-kori-kurar da Baba ke ciyar da mu da ita ta mutu a ƙofar gidanmu a Bagwai. Da la'asar yana ƙarƙashinta, ya ce ba ya gani. Na ruga na kunno fitilar ƙwai.

"Ke! Ba kya jin warin fetur? Gasa ubanki za ki yi? Ɗauko madubin Innarki ki taro min rana."

Na taro rana da madubin, sai a fuskarsa.

"Hannuna za ki haska, 'yar nan, ba idona ba."

Kafin magariba mota ta tashi, washegari muka ci tuwo.

Jiya jikana bakanike ya rasa wace fitila zai saya wa garejinsa. Na ce, "Wadda ke haska hannu, ba ido ba." Allah ya jiƙan Baba.