Baduku da Kalma Mai Harafi Uku

Malam Cindo, tun da aka gina ganuwar Kano ban ji an zalunci ɗan Adam irin zaluncin da wata 'yar kalma mai harafi uku ta yi wa wani bawan Allah ba. Fara ta ci gonaki, gobara ta ci kasuwanni, duk an je an yi jaje. Shi kuwa wannan ko sannu babu wanda ya ce masa. Tunda na ji ka shiga ajin Turanci na manya, gyara zama a kan tumtum ɗin nan in ba ka misalinsa, kada kai ma ta cinye ka.

Wani baduku ne, dogo, kyakkyawa, gwanin kafa hula, wanda in ya buɗe baki har mai shayi yakan tsaya da zuba. Shi da 'yan layinsu su tara suka shiga aji, kowace Asabar bayan la'asar. Abin da ya kai shi manyan kalmomi ne, masu tsawo kamar rawani. Yakan rubuta su a takarda ya cusa cikin hula, in mutane sun taru ya zaro ɗaya ya jefa musu. Ran nan malamar ajin ta rubuta “get” a allo, ta ce wata guda cur za a yi a kanta. Ta ce da ita Bature ke samun abu, da ita yake isa gari, da ita yake gane magana, da ita yake ɗauko kaya, da ita zazzaɓi ke kama shi, kai, ko tsufa da ita yake yi. “Basillarku ce,” in ji ta. “Ba ta da kyan gani, amma babu ɗinkin da zai yiwu sai da ita.” Ji mini wulaƙanci! Mutumin da ke yawo da kalma mai harafi goma sha huɗu a hula, shi za a zaunar wata guda a kan harafi uku? Ya karɓi ma'ana ɗaya ya kaɗe riga. Da ya tsaya nan, da sauƙi. Sai ya bi 'yan layi rumfa rumfa yana ce musu ilmin malama ne ya ƙare, shi ya sa take jan abu ɗaya kamar ƙiri. Cikin Asabar uku aji ya watse, ya zama shi kaɗai ne Baturen layin dukawa, kuma daman abin da yake so ke nan.

Ana nan sai ga wata baƙuwa daga Kenya, tana son a yi mata aiki mai yawa. Sarkin dukawa ya sa aka kira Baturen layi ya yi tafinta. Ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya gyara hula. Matar nan ta yi magana ta kusan minti goma, wallahi ko babbar kalma ɗaya ba ta saka ba, don mugunta. Sai 'yar kalmar nan, tana leƙowa a kowane numfashi kamar ɓera a rumbu, kuma kowane leƙe da irin kayan da ta sako. Baduku bai tsinci komai ba. Amma mutum mai irin wannan hula ba ya cewa “maimaita” a gaban jama'a. Ya gyaɗa kai, ya ga idonta ya sauka kan wani jan tumtum, sai ya juya ya ce wa sarki baƙuwa ta yaba da hankalin tafinta, kuma tana son jan tumtum arba'in nan da sati uku. Layi ya ɗauki aiki. Aka jeme fata, aka rina, aka yanka, har masu ciwon baya suka zauna ɗinki. Ranar da ta dawo ta ga tumtum jibge kamar dalar gyaɗa, ta riƙe baki. Ashe wani cikin dukawan ya naɗi maganarta a waya tun zuwan farko. Aka kai wa wa? Malamar nan da aka watsa wa aji. Ta saurara sau ɗaya ta ce ƙananan jakunkunan mata baƙuwa ta nema, tumtum kuwa cewa ta yi ba ya shiga jirgi. Sarkin dukawa bai zage shi ba, ina ma ya zaga. Cewa ya yi, “Ranka ya daɗe Bature, kayanka ne, a kai maka gida.” Yau shekara biyu ko yaran unguwa ba su san sunansa na yanka ba, sai Alhaji Tumtum. Su takwas ɗin nan sun koma aji, yanzu har junansu suke yi wa Turanci in ya zo wucewa.

To, ka ji irin zaluncin harafi uku. Me kake kallo a zauren nan kana murmushi? E, tumtum ne har rufi, kuma duk ja ne. Wanda kake kai shi ne na talatin da bakwai. Naka ne in kana so, ka haɗa da biyu ka kai wa iyali. Kalmar ba ta bi ni rumfa ba, Malam Cindo, ni na bi rumfuna na watsa aji da bakin nan nawa, ni na gyaɗa kai, ni na ƙirƙiro arba'in. Ran Asabar ka biyo mini mu tafi tare, amma zan zauna a baya, kuma in malama ta tambaya ka ce rakiya na yo. Hausawa sun riga sun gama magana: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.