Dutsen Niƙan Nazifa

Ranar da Nazifa ta gudo wa 'yan bindiga ta iso Matankari, dutsen niƙan uwarta ne a kanta. Halilu mai injin niƙa ya kwashe da dariya: "Mutane na ceton katifa, ke kin ceto dutsi?" Ta gyara zaman dutsen a kanta, ta wuce.

Bana masu agaji suka ba ƙungiyar mata inji mai aiki da hasken rana, Nazifa ce shugaba. Na Halilu kuwa tsadar man gazuwal ta kwantar da shi. Sai ga gogan da sabuwar hula, ido ɗaya kanta, ɗaya kan injin.

"Aurenki nika so. Ki huta cikin gida, ni in riƙe miki inji."

Dogon banzan kuwa ya daɗe da kwanta mata a rai. Ta sunkuyar da kai.

"Inji na mata ne, Malam Halilu, ba shi aure. Dutsin ga za ya bi ni ɗakin miji. In ni kaka so, ɗauka mu tahi."

Ya duƙa, ya yi nishi, dutse ko gezau.

"Sannu," in ji ta. "Ni tsoro ya aza mini shi. Dawo gobe, mu ga ko son naka ya kai tsoro ƙarhi."