Bangon Kicin Ɗin Mama

"Cire wannan, ya karkace!" na ce wa mai tayil, karo na uku.

Ya ajiye cokalin gini. "Anti, bayan murhu ne fa, ba falon baƙi ba."

Ko kallonsa ban yi ba. Shekara talatin Mama tana kankare mai da hayaƙi a bangon nan, har hannunta ya yi kanta. Na rantse sai ta huta. Na zaɓi farin tayil, na sa aka jera duwatsu ruwan ƙasa a tsakiya. Shafa ɗaya da tsumma, an gama.

Ranar da aka kammala, Mama ta yi ta sa mini albarka har da ƙwalla.

Bayan sati na ja yayata ta zo ta ga aikina. Muna shiga kicin na tsaya cak. Tsofaffin kwalaye ne manne da bangon, sama da ƙasa, duk sun jiƙe da mai.

"Mama! Ina tayil ɗin?" na ce.

"Yana ciki lafiya lau," ta ce tana buɗe tukunya. "Ke, kina da hankali kuwa? Wannan kyakkyawan abu zan bari mai ya ɓata?"