Batiran da Suka Sha Rana

Kawuna ya dawo Tajaye daga ci-rani da ɗan piyano mai batir. Ina taɓa shi ya yi nishi kamar tsohuwar akuya, ya yi shiru. Batir ya mutu, Konni kuma, inda ake sayar da sabo, da nisa.

Kawu ya ciro batiran, ya ciccije su, ya shanya bisa murfin kwano.

"Tsare su, ɗiyata, rana suke sha. Kada kaji su ture."

Na tsare har la'asar, ko ruwa ban tashi sha ba. Ya mayar da su da zafinsu, ya kama yatsana ya danna. Sai ga sarewa, ganga na biye da ita, ba makaɗi ko ɗaya. Na yi tsalle har na ɓarar da furar Inna.

Yau ɗakina cike yake da irin piyanon nan masu lantarki. Amma in na ga mataccen batir, haƙorana ƙaiƙayi suke.