Lasifikar da Ta Ƙi Alƙunut

Tun da aka hana kowace lasifika a Kano sai ta kamfanin Tamrik, Malam Sabitu ladan bai taɓa kai ta masallacinsu gyara ba sai ran Asabar ɗin nan. Ya dire ta gaban Lurwanu mai gyara yana huci.

"Jiya liman na alƙunut, yana zuwa kan mutanen Gaza ta ɗauke. Sahun waje suka yi cirko-cirko, hannuwa a sama, ba su san inda za su ce amin ba."

Lurwanu ko taɓa ta bai yi ba. "Baba, lafiyarta ƙalau. Masu ita ne ke ƙera idon jiragen da ke shawagi a can. Wai addu'ar siyasa ce."

"Siyasar ubansu! A masallacin da kakana ya gina?"

Sai lasifikar ta ce, cikin ladabi, "Malam Sabitu, an ji kokenka."

Alhali kuwa da hannunsa Malam Sabitu ya cire mata batir tun a gida.

Nan ya bar ta. Da Juma'a ta zagayo ya tsaya bakin ƙofar masallaci, liman na faɗa yana maimaitawa da ƙarfin maƙogwaronsa, har amin ta cika titi.