Tsohon Kaset ɗin Abba

Saura minti goma a fara gasar karatun waƙe a makarantarmu da ke unguwar Bin Omran a ƙasar Larabawa, ni kuwa na ƙanƙame kujerar mota na ce ba zan fita ba. Shekarata tara. Tun da aka yi mini aiki a maƙogwaro muryata ta dushe, 'yan ajinmu suna kwaikwayona.

"Mamana, yalla, yi sauri, ana jiranki," in ji Abba.

"Dariya za su yi mini, Abba."

Ya duba agogo, na zaci faɗa zai yi. Sai ya ɗauko wani tsohon kaset da ya zo da shi daga Zariya, rubutun jikinsa duk ya koɗe, ya saka. Wata mata ta fara waƙa da murya mai kaushi kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma sai da tsikar jikina ta tashi.

"Baturiya ce, 'yar Wales," ya ce. "Ita ma aiki aka yi mata. Da ta yi shiru, wa zai raka ni hanya duk shekarun nan?"

Na saurara har inda ta ɗaga murya. Muryar ta tsage, ita kuwa ba ta tsaya ba. Na buɗe ƙofa.

An yi dariyar kam, a baitin farko. A na biyu na ɗaga murya.

Har yau muryata ba ta washe ba, kuma da ita nake karanta waƙoƙina.