Fitilar Wuyan Tanimu

Tun da likitoci suka fara dasa wa masu ciwon dajin maƙoshi 'yar fitila a wuya, shi ma aka dasa masa, Tanimu ya rasa sukuni. Haskenta na nuna yawan sojojin jikin da ke yaƙar ƙarin daga ciki. In ya dushe, ajali ya ƙarato. Yau ya duba madubi, ya sake dubawa, ya kasa tantance ko hasken ya dushe.

Ya kwashi shaddar bikin ɗansa ya kai wa Habu tela, wanda bai taɓa cika alkawari ba.

"Bikin sai bayan salla," in ji Tanimu.

Habu ya kalli wuyansa, ya ture ɗinkin mutane gefe.

"Zauna, Baba, yanzu zan ɗinka maka."

Tanimu ya zauna, keken na ta gudu ba tsayawa.